Kurakuran da aka fi yi wajen sa kafet a matakalar bene

Kafet ɗin falo da na matakalar bene ba aikinsu ɗaya ba, amma har yau masu gidaje da sababbin masu shimfiɗa kallon abu ɗaya suke yi musu. A falo ƙafa tana sauka ne a shimfiɗe, yau nan gobe can. A matakala kuwa duk mai hawa da mai saukowa bakin takin yake dannawa, wuri guda, da nauyinsa gaba ɗaya, yana kuma tura kafet ɗin gaba. Saboda haka a bakin nan yake fara cinyewa, a nan yake fara saki, a nan kuma yake kayar da mutum. Na gaji da kiran da ake yi mini in zo in gyara aikin da bai shekara ba, kuma kusan kullum laifin iri ɗaya ne.

Awo shi ne na farko, kuma shi ya fi ci mini rai. Yaro zai ɗora tef a taki ɗaya, ya auna wurin da ƙafa ke sauka, ya auna tsayin hawan, ya ƙirga matakalar ya ninka, ya ce ya gama. A wane gida? Matakalar siminti da birkila ya zuba da hannu ba ta taɓa fitowa daidai da juna. Bayan an sa tayil a ƙasa da sama ma, takin farko da na ƙarshe sukan bambanta da sauran. Ku ɗauka taki 16 ne, faɗi santimita 28, tsayi santimita 17. Lissafin takarda zai ba ku mita 7 da santimita 20. To idan kowane taki ya ɗara da santimita 2 kacal, ko don leɓen tayil da ya ɗan fito waje, kun rasa santimita 32, wato kusan taki guda cur babu abin rufe shi.

Haka wani yarona ya yi mini a wani gida. Na aike shi awo, ya kawo lamba, aka yanko kafet ɗan Turkiyya mai zane a gefe, aka ɗinke bakinsa. Muna kaiwa sama ya ƙare, saura taki ɗaya tsirara. Na ce, “Kai, taki nawa ka auna?” Ya ce, “Maigida, ai duk ɗaya ne.” Na koma kanti, wancan naɗin ya ƙare, wanda ya rage launinsa ya ɗan fi duhu. Hajiya ta ce ita ba za a yi mata faci a tsakiyar gida ba, kuma gaskiyarta. Daga aljihuna na sayi sabo sukutum, kuɗin aikin da ribar duk suka tafi. Tun daga nan igiya nake amfani da ita: in ɗaure ta a sama, in bi da ita taki bayan taki, ina danna ta cikin kowane lungu, ina zagaya kowane leɓe har ƙasa, sannan in miƙe ta in auna. A kan abin da ya fito ina ƙara santimita 40 zuwa 50. Rarar nan ba asara ba ce. Ana naɗe ta ne a ɓoye a jikin takin ƙarshe, idan baki ya fara cinyewa bayan wasu shekaru sai a kwance a gusa kafet ɗin kaɗan, wurin da bai sha taku ba ya dawo baki. Inda matakala ta yi kwana kuma, a auna ta ɓangaren da ya fi faɗi.

Na biyu shi ne gam a kan tayil, kuma wannan ya wuce maganar kuɗi, maganar ƙashin mutum ce. Sai ka ga an zo da gwangwanin gam, an shafa a kan tayil mai sheƙi, ko ƙura ba a goge ba, an manna kafet, an karɓi kuɗi an tafi. Haba jama'a! Tayil mai santsi ba ya shan gam. Zafin bazara ya zo ya sassauta shi, ruwan goge-goge ya shiga ta gefe, sai kafet ya saki daga lungu ya yi tozo, sannan ya fara zamewa a baki. Mai gida ba ya lura, domin daga nesa lafiya ƙalau yake. Wanda zai gane shi ne mai saukowa da asuba cikin duhu, ko yarinyar da ta ɗauko tire da hannu biyu, ko dattijuwar da gwiwa ta riga ta gaji. Duk mai shimfiɗar da ya san haka kuma ya yi don ya gama da wuri, ya ji tsoron Allah.

Ni abin da nake yi, kowane taki yana samun siririn katakon nan mai ƙananan ƙusoshi guda biyu, ɗaya a can ƙuryar wurin taka ƙafa, ɗaya a gindin hawan, ƙusoshinsu duk suna fuskantar lungu, da ɗan tsakani wanda kafet zai shige a ninke. A kan siminti ko tayil ba na yarda da ƙusa kawai. Hudawa nake yi da inji, in sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru, in ɗaure da sukuru. Sannan in fara daga ƙasa in yi sama, ina ja ina cusa kafet ɗin cikin lungu da ƙarfe mai faɗin baki har sai ya yi tam. Wasu daga sama suke farowa, ban ce sun yi laifi ba, ni dai hannuna ya fi zama a haka. Idan mai gida ya ce kada a huda masa tayil, ina gaya masa kai tsaye, “Alhaji, to a haƙura da kafet ɗin, matakala tsirara ta fi kafet mai zamewa aminci.”

Sandunan ƙarfe masu ruwan zinari da ake gittawa a lungu suna ƙara kyau, amma ni ado nake ɗaukarsu. Kada a bar musu riƙon su kaɗai.

Wajen saye kuma, ido ne yake yaudarar mutane. Kafet mai dogon gashi da laushi yana da daɗi a ɗakin kwana, a matakala kuwa ɓoye baki yake yi, ƙafa ta rasa inda takin ya ƙare. A nemi mai gajeren gashi wanda ya cika ya cushe. Tun a kanti ku lanƙwasa gefensa a kan yatsa kamar yadda zai lanƙwashe a bakin taki. Idan gashin ya dare kuka hango saƙar ƙasa, ku ajiye shi. Mai ulu kashi 80 da nailan kashi 20 ya fi jure taku, sai dai tsada. Na zaren roba mai araha ba ya kama tabo sosai, amma gashinsa saurin kwanciya yake yi kuma ba ya tashi. Fari fat ba ya kai ƙarshen hunturu da mutuncinsa, baƙi wuluk kuma duk ƙurar da ta sauka sai ya nuna ta. Zane mai yawan cukurkuɗa yana rikita idon tsofaffi, mai layi a miƙe kuma yana tona asirin matakalar da ta karkace.

Kwanciyar gashi ta fuskanci ƙasa. Ku shafa da tafin hannu, ɓangaren da ya yi sumul shi ne zai bi mai saukowa. In aka juya shi, ƙafa za ta riƙa tsefe gashin a baki.

Masu cire soson da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet don rage kuɗi, kafet ɗinku ne zai biya, domin kaifin siminti zai yanke shi daga ciki. A sa mai tauri marar kauri, ya rufe wurin taku ya kuma zagayo leɓen. Idan siririn kafet ne na tsakiya, a ɗinke gefensa kafin a sa, a ja layi a bar tazara iri ɗaya dama da hagu. Inda dole sai an taɓa gam, a buɗe tagogi, a kashe risho da gas, tururinsa yana kama wuta.

Sabon gini kuma a bar shi ya bushe. Ku manna leda a kan simintin da salatif ta kowane gefe, ta kwana. Idan da safe kuka ga gumi a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, akwai sauran danshi, kuma kafet ɗin da aka sa a haka wari zai yi kafin damina ta fita. Bayan an sa, kada a wanke shi da bokiti a inda yake. Tsintsiya mai tauri ko injin zuƙe ƙura sun isa, tabo kuma a dangwale shi da tsumma mai ɗan laima tun yana ɗanye.