Darasi na 9: Furen kuɓewa, daga takarda zuwa zanen gado

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro. Ƙaron dakwara ne, irin wanda malaman allo ke sawa a tawada don ta kama. Ana samun fentin cikin ƙaramin akwati a shagunan kayan makaranta na Yamai. Ku haɗa da buroshi mai laushi, da fensir, da ruwa a kofi biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na haɗa launi. Takarda kuwa sai mai kauri. Ta littafin rubutu da ta jiƙe sai ta lanƙwashe.

Ku tsinko furen da safe, domin yini ɗaya yake yi ya yanƙwane. Kafin ku ɗauki fensir, ku dube shi da kyau. Ganyensa biyar ne, rawaya mai haske, gindinsu ja mai duhu. Ku zana siffar sama-sama, kada ku danna fensir.

A wannan aiki daga haske ake farawa a tafi duhu. Inda kuke son fari, ku bar takarda yadda take. Ku shafa rawaya da ruwa mai yawa. Tun tana da laima ku ɗiga ja a tsakiya, za ku ga ya bazu da kansa kamar yadda yake a jikin furen. Nan ne wuyar aikin, balle da hunturu, lokacin da takarda ke bushewa nan da nan. Ganye ɗaya-ɗaya za ku bi. Jijiyoyi sai komai ya bushe.

Wasu na cewa hoton da ake ratayewa a bango shi ne fasaha, ado kuwa sana'a ce kawai. Ban yarda ba. William Morris na Ingila (1834 zuwa 1896) yakan zana fure da fentin ruwa, daga nan a buga zanen a yadi da takardar ƙawata bango. Mai saƙar zanen gado, da mai lalle, da badukun da ke aiki a Wadata, cibiyar masu sana'ar hannu ta Yamai, duk da kallon tsanaki suke farawa. Mai ado dai yakan rage: ya zubar da inuwa, ya daidaita ganyen, ya maimaita.

Aikin gida: ku sake zana furen da launi biyu kawai, ba inuwa, ku jera shi sau huɗu yadda zai zauna a bakin rigar matashin kai. Ku rubuta sunayen launukan a ƙasa.