Zubewar gashi da ƙwayar cutar ciki: kurakuran da aka fi yi

Akwai zubewar gashin da likitoci ke kira alopecia areata. Mutum ya wayi gari ya ga wani gefe na kai ko gemu ya yi sumul, zagayayye, ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar saiwar gashin. Tunda aka fara jin cewa wai tana da alaƙa da H. pylori, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, sai wasu a Marwa da Garwa suka ɗauki maganar kamar an gama tabbatar da ita.

Nan ne babban kuskuren. Tun da Barry Marshall da Robin Warren suka gano ƙwayar a Ostireliya a 1982, an tabbatar tana kawo olsa, tana kuma iya rage sinadarin ƙarfe a jini. Amma zancen gashi, binciken bai zo ɗaya ba: wasu sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, a Afirka ma abin ya fi haka, don haka samunta a cikin mai zubewar gashi ba hujja ba ne. Sau da yawa kuma gashin kan dawo da kansa cikin shekara, sai a yaba wa maganin da aka sha na ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen amoxicillin ko metronidazole wurin masu talla a kasuwa, a sha kwana uku a ajiye. Wannan ba ya kashe ƙwayar, gagara yake sa ta yi. Maganinta haɗi ne: mai rage tsamin ciki irin omeprazole, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta akalla biyu, yawanci kwana 14, kuma likita ne zai rubuta. A sha shi don ciki, in gwaji ya nuna.

Gwajin ma ana kuskure a kansa. Na jini ba ya bambance tsohon kamu da sabo. Na bayan gida ko na numfashi ya fi. Sai an dakatar da omeprazole mako biyu kafin a yi, in ba haka ba ƙwayar na iya ɓuya. Bayan kammala magani da mako huɗu, a sake gwadawa.

Ba kowane fili a kai ba ne alopecia areata. In yaro ne, da ɓawo da ƙaiƙayi, galibi makero ne, maganinsa daban. Mata kuwa, in goshi ne ke ja baya, a fara sassauta kitso.

Don Allah a bar goga ɗanyar tafarnuwa ko tsaga wurin da reza. Saiwar na da rai, tabon ƙuna ne zai iya kashe ta har abada. A nuna wa likitan fata, a Garwa ko Injamena, ya duba ko allurar da ake yi a cikin fatar wurin za ta dace, a roƙe shi ya auna jini da aikin thyroid, wato gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo.