Yadda na samu jirgi ranar da Baffa ya rasu

Bayan sallar asuba Yaya ya kira ni ina Legas: "Sai haƙuri, Baffa ya cika." Jana'iza ƙarfe 2 a Gombe. Na san ba zan riske ta ba, amma raina bai yarda in kwana ban ga Inna ba.

Na duba intanet, babu kujera zuwa filin jirgin Lawanti na Gombe sai jibi. Kuskurena, Gombe kaɗai nake nema. Da na sauya zuwa Bauchi ta Abuja, sai ga kujera. Katina na banki kuma ya ƙi biya har sau biyu. Ban sake gwadawa ba, don kada a cire kuɗin su maƙale. Na tafi filin jirgi da katin NIN, na biya a wurin sayar da tikiti, na tabbatar sunan tikitin ya yi daidai da na katin.

A Bauchi ƙanin abokina na jirana da mota. Muka bi ta Alkaleri, tafiyar kilomita 150 da 'yan kai. Bayan isha'i na durƙusa gaban Inna, ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ka iso?"