Yawon yini ɗaya kai kaɗai: daga Wudil zuwa duwatsun Birnin Kudu

Idan kana cikin masu son finafinan gargajiya, na sarauta da dawakai da gidajen ƙasa, kuma ranka yana biya maka ka ga irin wuraren nan da idonka, ga hanyar da nake bi, ita nake kuma nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Titi ɗaya ce: Wudil, Takai, Birnin Kudu, ka juyo. Kada ka haɗa da Rano ko Tiga a rana ɗaya. Wancan ɓangare daban ne, kuma wanda ya ce sai ya haɗa duka zai ƙare yininsa a cikin mota. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Wudil, ranar Asabar nake fita, kuma ni kaɗai, domin da an zama mutum uku sai wani ya ce rana ta yi, wani ya ce yunwa, alhali dattijon da kuka tarar bai ma gama gyara zama ba.

Aikin farko a gida ake yin sa, da daddare. Ɗauko fim ɗin da wurinsa ya burge ka, ka kai shi can ƙarshe inda sunaye suke hawa. Yawancin mutane a nan suke kashewa, amma a nan ake rubuta godiya ga hakimi ko dagacin garin da aka yi aiki, wani lokaci har da sunan unguwa. Rubuta sunan garin. Sannan ka koma cikin fim ɗin ka tsayar da hoto a wurin da ke da alamar da ba ta gushewa: kuka mai rassa ta wata siffa, giginya biyu a jere, dutse a bayan gari, ƙofar zaure mai zanko. Ka ɗauke su a wayarka. Fuskar jarumi ba za ta kai ka ko'ina ba, amma ɗan acaɓa yana ganin kukar zai ce maka ta bayan makarantarsu ce. Mu ba mu da wani keɓaɓɓen gari da aka gina don ɗaukar fim. Wanda gwamnatin tarayya ta so yi a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016 an fasa shi bayan surutu ya yi yawa. Saboda haka fadar da ka gani a fim, sau da yawa zauren wani bawan Allah ne, yana nan da iyalinsa a ciki. Ka riƙe wannan a ranka tun kafin ka fita.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan an kawar da amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Janairu. Da damina ciyawa ta rufe hanyoyin dutse, ga santsi ga macizai. Da bazara kuwa dutse yakan ɗauki zafi tun hantsi, ba ka iya dafa shi. Ranar da hazo ya sauka sosai ka ɗaga tafiyar, don ba abin da za ka hango daga sama. Ka kuma guji Juma'a: ranar kasuwar Wudil ce, motocin shanu sukan cushe bakin gada, kuma duk dattijon da kake nema yana shirin masallaci.

Kaya kaɗan ne. Takalmi mai riƙe ƙafa, ban da silifas. Ruwa gora biyu, hula, katin shaida, ƙaramin littafi da biro. Kuɗi a hannu, ƙanana, domin mai POS na ƙauye yakan ce babu sabis. Sai goro ko dabino da za ka ajiye gaban manya. Ka faɗa wa wani a gida garuruwan da za ka bi da lokacin da za ka dawo. 'Yar'uwa, idan ke ce mai tafiyar, ki yi shigar da za ki yi zuwa gidan surukai, kuma duk garin da kika sauka ki nemi a shiga da ke wajen matan gidan dagaci. Su za su haɗa ki da yarinya ta raka ki, sannan za ki ga cikin gida, wanda mu maza ba ma gani.

Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne ta Mariri. Ka kasance a Wudil kafin ƙarfe 7:30, ka karya da ƙosai da koko a bakin tasha, ka nemi motar Birnin Kudu ka ce a Takai za ka sauka.

Takai ba ta da allon da zai gaya maka komai, amma duk wanda ya san tarihin Kano ya san nauyinta. Sarkin Kano Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, ya gina gida a nan har ya so ya tare, fadawansa suka ƙi. Bayan fiye da shekara ɗari, da Sarki Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi suka fice daga birni a bayan ɗan'uwansu Yusufu, suka yi sansani a Takai. Daga nan Basasa, wato yaƙin neman sarautar Kano, ta tashi. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Alu ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894. Idan ka tsaya a filin ƙofar fada ka tuna mahayan nan ta wannan ƙasa suka bi, duk wani yaƙin fim da aka haɗa da dawakai goma na aro sai ka ga ƙanƙantarsa.

Yadda za ka shiga gari shi ne rabin tafiyar. Kada ka sauka daga mota ka zaro waya ka hau ɗaukar katangun mutane. Zamanin nan baƙo mai ɗaukar hoto abin zargi ne, kuma mutanen gari suna da gaskiyarsu. Tambayi gidan mai unguwa ko dagaci. Ka yi sallama, ka cire takalmi a ƙofar zaure, ka durƙusa. "Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Ni baƙo ne daga wuri kaza, na zo ganin tsofaffin gine-gine da inda ganuwa ta bi, in an ba ni izini." Ka ajiye goronka. Kada ka fara da zancen fim. Wasu dattawan ba sa son jin sa, wasu kuma 'yan fim sun taɓa cika musu ƙofar gida da hayaniya. Bari sai an haɗa ka da ɗan rakiya, a hanya ka nuna masa hotunan wayarka. Matasa sun san kowane lungu da aka kafa kyamara, har gidan da aka aro tukunya da akushi.

A nan za ka gane dabarar masu ɗauka. Sukan matse hoto a kusurwa ɗaya don kada rufin kwano ko turken lantarki ko ƙarfen sabis ya fito, su kafa zana su rufe bulo. Wurin da ka zaci fili ne mai faɗi, sai ka tarar taku ashirin ne tsakanin shagon caji da injin niƙa. Wannan bai taɓa rage mini komai ba, domin abin da kyamara ta wuce da sauri ya fi abin da ta nuna. Shiga tsohon zaure ka ɗaga kai. Dubi yadda aka jera azara ta giginya, gajeru gajeru, wannan kan wannan, kowane layi ya karkata wani gefe, har rufin ya haɗe a kan bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da shi, ba ƙusa ko ɗaya. Hayaƙin shekaru ya mai da itacen baƙi wuluk. Taɓa bangon, kaurinsa ya kai kamu biyu a ƙasa, ka ji sanyinsa da tsakar rana. A waje ka nemi indararo, ka duba ko har yanzu ana yaɓe da makuba. Ka tambayi wane magini ya yi shi, kuma ko akwai jikansa mai sana'ar. Sau da yawa za a ce maka ya koma aikin siminti, kuma wannan amsar tana ci mini rai duk sanda na ji ta, don duk zauren da ya faɗi yanzu da wuya a sake tada irinsa.

Kafin ƙarfe 11 ka sallami ɗan rakiyarka da abin da ya sawwaƙa, ka koma ka yi wa mai gari bankwana, ka hau mota. Za ka wuce Kachako da Kwanar Huguma, inda hanyar Dutse ta rabu, ka shiga Jigawa. Tun daga nesa za ka fara ganin manyan duwatsu sun hau kan juna.

A Birnin Kudu ka fara da ofishin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, su ne masu kula da tsohon zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsun, su za su ba ka mai kai ka. Sunaye uku za ka riƙe: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu. Zanen yana ƙarƙashin inuwar dutse, inda ruwan sama ba ya dukansa. Da ka shiga daga hasken rana ba za ka ga komai ba sai dabbare-dabbare. Zauna, ka ba idonka minti biyar. A hankali jan layi zai fito, ka ga ƙafa, ka ga ƙaho dogo. Shanu ne. To dubi bayansu da kyau: babu tozo. Duk saniyar da ka wuce a hanya tun daga Wudil mai tozo ce, waɗannan kuwa wani iri ne da aka yi kiwo a ƙasar nan kafin na yanzu su mamaye ta. Ni wannan bayan saniyar shi ne abin da ya fi komai tsaya mini a rai a duk tafiyar.

Sai duwatsun kiɗa. Baturen nan Bernard Fagg na gidan tarihin Jos ya ba da labarinsu ga duniya a 1956, amma mutanen gari sun riga shi sani, har al'adar biki tana kai amare wurin. Za ka ga ƙananan ramuka masu sulɓi a gefen dutsen, inda hannuwa suka daɗe suna bugu. Ɗauki ɗan dutse ka ƙwanƙwasa a hankali cikin ramin, zai yi ƙara kamar an bugi ƙarfe, ka matsa kamu ɗaya muryar ta canza. A inda aka saba bugu kaɗai za ka buga. Zanen kuma kada ka taɓa shi, kada ka watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada ka rubuta sunanka da gawayi kusa da shi. Abin da ya goge a nan ya tafi ke nan.

Ka sauko ka yi Azahar a cikin gari, ka sha fura da nono. Idan akwai ƙauyen da ka rubuto sunansa a kusa, ɗauki acaɓa, amma ku yi ciniki na zuwa da jira da dawowa tun kafin ka hau, kuma sai kun dawo za ka biya. Da an yi La'asar ka nufi tasha. Daga Birnin Kudu zuwa Kano kimanin kilomita 130 ne, motoci sukan ragu da yamma, kuma wadda ta rage sai ta cika take tashi. In ka ga saura mutum ɗaya rana tana yin ƙasa, biya kuɗin kujerar ku tafi.