Yadda zaka yi da kogon haƙori da haƙorin hankali tun kafin fuska ta kumbura

Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu kenan da aka cire min haƙorin hankali, wato na ƙarshen nan can ƙurya, na ƙasa ta hannun hagu, aka kuma yi wa na kusa dashi aiki, kuma har yau in naga mutum tsaye gaban kemis ya dafe kunci sai naji kamar in riƙo hannunsa in zaunar dashi in faɗa masa abinda ya same ni. Tunda ba kowa zan tare ba, bari in rubuta a nan ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni tela ne. Duk wanda ya san ɗinkin sallah ya san kwana muke a kan keke, kuma abinda yake riƙe mu shine shayi, fulas guda a gefe an zuba masa sukari ya ji, kana ɗinki kana kurɓa tun bayan isha'i har asuba, wani lokacin ga alewa a kunci. Sai daga baya likita ya fahimtar dani cewa ba yawan sukarin kaɗai ne matsalar ba, yawan maimaitawar ne. Akwai ƙwayoyin cuta da suke manne a jikin haƙori, duk sanda sukari ya shiga baki sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami da yake narkar da ɓawon haƙori, kuma sai an ɗauki kamar rabin awa ko fiye kafin yawu ya wanke tsamin nan. To kaga mai kurɓa duk bayan minti goma bakinsa baya samun hutu kwata-kwata. A haka kogo yake farawa. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, dan Allah a cire wannan a rai, masu turara maka hayaƙi a kasuwa su nuna maka wasu 'yan fararen abubuwa a cikin ruwa suce tsutsarka ce ta fito, kuɗinka kawai suka karɓa kogon yana nan yadda yake.

Abu na farko da zaka yi shine ka kula da irin ciwon da kake ji. In ka sha ruwan sanyi ko ka ci abu mai zaƙi kaji zir sai ya wuce nan take, yawanci kogon bai yi nisa ba, wannan shine lokacin zuwa asibiti, a share wajen a yi ciko a zama ɗaya ka tashi ka tafi harkarka, kuɗinsa ma yafi sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa ya koma yana zugi shi kaɗai ba tare da ka ci komai ba, musamman da daddare in ka kwanta, yana harbawa har kunne da gefen kai, to ya kai ga jijiyar da take cikin haƙorin. Ga inda ni na yi kuskure kuma nan nake so a fi kula: bayan nayi kusan sati biyu bana barci sai rana ɗaya ciwon ya ɗauke ɗif. Nayi hamdala nace na warke. Ashe jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuma suna ci gaba da gangarawa ƙasan saiwa suna tara mugunya ni ban sani ba. Wata huɗu ina zaune lafiya lau, sai wata safiya na tashi kuncina ya haye, bakina ko yatsa biyu baya shiga. Kogon da ya riga ya zama rami baya cikewa da kansa komai maganin da zaka sha, wannan ba kamar ciwon fata bane.

Shi kuma haƙorin hankali, cikakken mutum haƙora 32 ne dashi, huɗun ƙarshe can ƙurya su ne waɗannan, suna fitowa yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25, wasu basa fito musu duka, wasu ma ko ɗaya. Ba kowanne ake cirewa ba. In ya fito a miƙe, ya samu waje, buroshi yana kaiwa gare shi, ka bar abinka. Matsalar sai in muƙamuƙi ya yi masa kaɗan, sai ya fito rabi, wani ɗan naman dasashi ya rufe sauran kamar murfi, tuwo da zaren nama su riƙa shiga ƙarƙashi suna ruɓewa, wajen ya kumbura, baki ya riƙa wari duk goge shin da kake, kana jin wani ɗanɗano mara daɗi in ka taɓa da harshe. Nawa a kwance ya fito, kansa ya tokare haƙorin gabansa, a ɗan lungun da ke tsakaninsu ne abinci yake maƙalewa, shi ya jawo kogon da ya kusa cinye min lafiyayyen turmin da nake tauna dashi. Da na je tun ranar da na fara jin naman yana tashi yana sauka, da haƙori ɗaya kawai za a taɓa.

To in ciwon ya kama ka da daddare ko ranar da babu halin zuwa asibiti, ga abinda zai rage maka kafin gari ya waye. Ka samu ruwa mai ɗumi kofi ɗaya ka zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, ka guntsa ka riƙe ta ɓangaren da ke ciwo ka zubar, sau uku ko huɗu a rana. Farasitamol na 500, babba zai iya shan biyu, kar ya wuce sau huɗu a awa 24, kuma a bar aƙalla awa huɗu tsakani. Ibuprofen yafi kama ciwon haƙori amma sai an ci abinci, kuma mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kar su sha sai likita yace. Kanumfari yana ɗan kashe zafin na ɗan lokaci, iyayenmu basu yi ƙarya ba, amma rage zafi ne kawai. Ka ɗaga kanka da filo biyu in zaka kwanta, zugin yana raguwa.

Abubuwan da nake roƙon ku da girman Allah ku bari: ɗiga ruwan batir, fetur, kananzir ko turare a cikin kogo, da danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Duk ƙona nama suke yi, ka zo da ciwo ɗaya ka koma da biyu. Haka tonon ramin da allura ko tsinken tsintsiya. Sai kuma siyan amoksil da filajil a kemis kasha kwana biyu in ya lafa ka ajiye, ni nayi wannan har sau uku, kumburin yana sauka ya dawo saboda tushen abin yana cikin haƙorin, maganin baya shiga can. In likita ne ya rubuta maka to ka shanye yadda yace.

Akwai kuma yanayin da ba a jiran gobe. In kumburin ya haura wajen ido, ko ya gangara ƙarƙashin haɓa da wuya, ko ga zazzaɓi, ko haɗiyar yawu tana gagara, ko numfashi ya fara canzawa, ko da ƙarfe biyun dare ne a tafi sashen gaggawa. Mugunyar haƙorin ƙasa tana iya toshe hanyar numfashi, ana rasa rai ta haka, ba tsoratarwa nake ba.

Wajen zuwa kuwa, manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen haƙori, haka manyan asibitocin jiha da dama. Ka je da wuri saboda layi, ka karya kumallo kafin ka fita don bayan aikin sai ka daɗe baka ci ba. Ka faɗa wa likita komai ko bai tambaya ba, hawan jini, ciwon suga, sikila, ciki, ko kana shan maganin tsinka jini, ko wani magani ya taɓa yi maka illa. Ka yarda a ɗauki hoton haƙorin, musamman na hankali na ƙasa, domin akwai jijiyar da take bi ta cikin muƙamuƙi kusa da saiwarsa wadda take ba leɓen ƙasa ji, a hoton ne ake ganin kusancinsu. Sannan kafin ka ce a cire, ka tambaya ko za a iya ceto shi. Mu da yawa da mun shiga sai muce likita cire min shi in huta, alhali akwai aikin da ake cire matacciyar jijiyar a wanke cikin saiwar a cike, haƙorin ya zauna. Shi aka yi wa turmina, zuwa uku nayi, ya fi cirewa tsada gaskiya, amma yau da shi nake cin nama. Maganar cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido kuwa ba haka bane, jijiyar gani daban take.

Ranar cirewar tawa, na kwanta a kujerar nan fitila tana haska min fuska, hannuna sai gumi yake. Likitan yace, "Malam allurar ce kawai zaka ji, bayan nan in kaji zafi ɗaga min hannun hagu, zan tsaya." Aka yi allurar, bayan 'yan mintuna leɓena da rabin harshena suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Daga nan abinda naji dannawa ce da ƙarar inji, babu zafi, ya tsaga haƙorin gida biyu ya fito dashi ɗaya bayan ɗaya, yayi ɗinki, ya ajiye min gutsattsarin a ɗan faranti na ƙarfe na gani da idona, gefensa ɗaya baƙi ƙirin. Ban ɗaga hannun ba har aka gama.

Kwana ukun farko su ne aikin gaske, kuma a hannunka suke. Audugar da aka sa maka ka cije ta da kyau kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, banda surutu. A cikin ramin jini zai daskare, wannan gudan jinin shine murfin ciwon, duk abinda zaka yi ka kare shi. Ranar farko banda kurkurar baki da ƙarfi, banda tofar da yawu a kai a kai, banda zuƙar abu da tsinken roba, banda kai harshe wajen. Ni wajen alwala a hankali nake sa ruwan in ɗan karkata kai in bar shi ya zubo da kansa. Taba da shisha a ajiye su gaba ɗaya na wasu kwanaki. Wani abokin aikina a shago da aka cire masa nashi, washegari ya koma busa sigari, a rana ta uku gudan jinin ya fita ƙashi ya bayyana, wallahi babba dashi naga hawaye a idonsa, yace yafi ciwon farko, sai da ya koma aka wanke aka sa masa magani a ramin. Don haka in ciwo maimakon ya ragu sai ya ƙaru a rana ta uku ko ta huɗu ga wari, ka koma, kar ka daure.

Kumburi yana kaiwa ƙololuwarsa a rana ta biyu zuwa ta uku sannan ya fara saɓewa, ƙanƙara a cikin tsumma a dafa a kunci ranar farko tana taimakawa. Abinci mai laushi wanda ya huce, koko, kunun gyaɗa, yogot, ayaba, dafaffen ƙwai, faten dankali, ka tauna ta ɗaya ɓangaren. Tsire, ƙuli-ƙuli, aya, rake da yaji su jira tukuna. Bayan awa 24 sai ka fara ruwan gishirin nan a hankali bayan kowane abinci, sauran haƙoran kuma ka ci gaba da goge su.

Yanzu abinda nake yi kullum ba wani abu ne mai wahala ba. Buroshi mai laushi sau biyu, minti biyu, kuma na dare kafin kwanciya shi yafi muhimmanci saboda yawu yana raguwa in ana barci. Ka duba jikin makilin ɗin ka tabbatar akwai fuloraid, sinadarin da yake ƙarfafa ɓawon haƙori, na manya zaka ga an rubuta wajen 1450. In ka gama ka tofar kawai kar ka bi da ruwa, wannan ya min wuyar sabawa amma shi yake barin maganin ya zauna a haƙori. Asuwaki ban bar shi ba, sunna ce kuma yana tsaftace baki sosai, ina yinsa lokutan sallah, sai dai kaiwa bayan haƙoran ƙurya da tsakankaninsu yana masa wuya, shi yasa na haɗa da buroshi da zaren sakace. Gawayi da toka kankare ɓawon suke. Shayina ina sha, amma a zama ɗaya tare da abinci, sauran daren gorar ruwa ce a gefen keke.

Iyaye kuma ga wani abu da ban sani ba sai a asibitin. Yaro yana kai shekara 6 akwai turmi na dindindin da yake fito masa can baya ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, sai a ɗauka cikin haƙoran nono 20 ɗin nan yake, in yayi kogo ace ai zai famfare. Wannan baya famfara. 'Yata ta shiga bakwai, daren jiya bayan ta goge baki nace Ummi buɗe min in gani, na haska da fitilar waya, sai naga ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa a tsakiyar na dama. Tace Baba ai baya min ciwo. Na riga na faɗa wa yaran shago ranar Litinin zan makara, asibiti zamu fara zuwa.