Yadda ake kare rai da gida idan babbar guguwar ƙanƙara ta tunkaro

Babbar guguwar hunturu takan zo da abubuwa uku waɗanda baki kan haɗa su a suna ɗaya, wato ƙanƙara, alhali haɗarinsu ya bambanta, kuma shirin da ya isa ga ɗaya ba lallai ne ya isa ga sauran ba. Bambancin tun daga sama yake farawa. Idan iskar da ke tsakanin gajimare da doron ƙasa duk tana kan digiri 0 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, abin da ke saukowa shi ne dusar ƙanƙara, mai laushi kamar auduga. Idan kuwa akwai iska mai ɗumi da ta gitta a tsakiya, dusar takan narke a hanya, kuma in ta tarar da iska mai sanyi mai kauri a ƙasa sai ta sake daskarewa kafin ta iso, ta zubo ƙwayoyi-ƙwayoyi kamar tsakuwa, ana jin ƙararta a kan rufi da taga. Na ukun, wanda a ganina ya fi sauran sharri, shi ne ruwan sama mai daskarewa. Wannan yana faruwa ne idan iskar sanyin da ke kusa da ƙasa ba ta da kaurin da za ta daskarar da ɗigon a sama, sai ya sauko a matsayin ruwa, amma da ya taɓa reshe ko waya ko kwalta sai ya kama nan take ya zama kamar gilashi. Mai kallo ta taga zai ɗauka yayyafi ake yi, kuma wannan ne dalilin da ya sa yake yaudarar mutane su fita.

Nauyin wannan ƙanƙara shi ne tushen yawancin masifar da ke biyo baya. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka takan fitar da gargaɗin guguwar ƙanƙara idan ana sa ran kaurin da zai taru ya kai kimanin milimita 6, domin daga nan rassa suke fara karyewa, wayoyin lantarki kuma su fara tsinkewa. A watan Janairun 1998 ruwa mai daskarewa ya yi kwanaki yana zuba a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, har kaurinsa ya kai milimita 100 a wasu wurare, manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da wayoyin wuta suka durƙushe, miliyoyin mutane suka rasa lantarki, kuma wasu garuruwa da ke kudu da birnin Montiriyal na Kanada suka yi makonni cikin duhu a tsakiyar hunturu. Saboda haka duk wanda zai yi shiri, ya yi shi a kan cewa gidansa zai iya kwana uku ko fiye babu wuta, babu abin ɗumama ɗaki, kuma babu hanyar fita.

Lokacin shiri shi ne ranar da aka fara sanarwa, sa'ad da hanyoyi ke buɗe. A tanadi ruwan sha kimanin lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, da abincin da ba ya bukatar dafawa, da tocila da ƙarin batura, da rediyo mai batir, a kuma cika cajin wayoyi da na'urar adana caji. Maganin da wani a gidan ke sha kullum a duba shi tun da wuri, kada ya ƙare a ranar da motar kawo kaya ba ta iya motsi. Gidan da ke da majinyacin da rayuwarsa ta dogara da na'ura mai aiki da lantarki, kamar na'urar ba da iskar numfashi, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, bai kamata ya tsaya jiran ganin yadda abin zai kaya ba. Gara a yi magana da asibiti tun kafin a fara zuba, a san inda za a kai shi. A cika tankin mota, a janye ta daga ƙarƙashin bishiya, a kuma tabbatar kowa a gidan ya san inda makullin babban bututun ruwa yake.

Idan wuta ta ɗauke, dabarar farko ita ce a rage wurin da ake son ɗumamawa. Iyali su taru a ɗaki guda, wanda ya fi ƙanƙanta kuma ya fi ƙarancin tagogi, a rufe ƙofofin sauran ɗakunan, a cusa tawul a ƙasan ƙofa, a rataya bargo a taga da dare, a buɗe shi da rana in akwai hasken rana. Tufafi marasa kauri da aka jera uku ko huɗu sun fi riga ɗaya mai nauyi riƙe zafi, saboda iskar da ke makalewa tsakaninsu, kuma a rufe kai da hannuwa da ƙafafu. Abin da ya jiƙe, ko da gumi ne, a canza shi ba tare da jinkiri ba, domin jiƙaƙƙen tufafi yana janye zafin jiki da sauri. A ci abinci a kai a kai, a sha abu mai ɗumi in da hali. Barasa kuwa tana buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji kamar ya yi ɗumi alhali zafin cikinsa ne ke fita.

A nan ne nake son mai karatu ya fi natsuwa, domin a daren biyu ko na uku, sa'ad da yara suka fara karkarwa, mutane masu hankali sukan aikata abin da ba za su taɓa yi ba a ranar da suke cikin nutsuwa. Duk abin da ke ƙona mai, ko gawayi ne, ko itace, ko gas, ko fetur, ko kananzir, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin da iskar numfashi ya kamata ta zauna, kuma alamominta na farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sun yi kama da na mura, har mutum ya ce bari ya kwanta ya huta. Wanda ke barci ba ya jin ko waɗannan alamomin. A guguwar da ta afka wa jihar Texas ta Amurka a watan Fabrairun 2021, inda gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan 4 suka rasa lantarki, hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Sanyi ne ya kashe mafi yawansu, amma a cikinsu akwai waɗanda wannan iska ta hallaka a gidajensu, ban da ɗaruruwan da aka garzaya da su asibiti saboda ita. Ƙa'idar ba ta da sassauci. Janareto a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da gida, kuma gareji ba waje ba ne ko da ƙofarsa a buɗe take. Ba a shigo da gawayi ɗaki, ba a kunna murhun gas ko tanda don jin ɗumi, ba a kuma tayar da mota a cikin gareji don cajin waya. Na'urar da ke yin ƙara idan ta ji iskar kabon monoksaid, mai aiki da batir, ta cancanci a same ta a kusa da ɗakin kwana. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka fara ciwon kai lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take a kira agajin gaggawa, komai tsananin sanyin da ke wajen.

Gobara ma takan ƙaru a irin waɗannan ranaku. Tocila ta fi kyandir aminci, hita kuma a bar mata tazarar mita guda daga labule da bargo, a kashe ta kafin barci. Bututun ruwa shi ma yana bukatar kulawa, domin ruwa in ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, kuma matsin da hakan ke haifarwa ne ke fasa bututu. A bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, a buɗe ƙofofin durowar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. In bututu ya daskare, a narkar da shi a hankali da tawul mai ɗumi, kada a haska masa harshen wuta.

Ya kamata a san yadda sanyi ke kayar da mutum, musamman tsofaffi da jarirai, waɗanda kan kamu ko a cikin ɗaki. Zafin jikin ɗan Adam yana kusa da digiri 37, kuma da ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Da farko mutum yana karkarwa, sai harshensa ya yi nauyi, hannunsa ya kasa riƙe abu, tunaninsa ya rikice, barci ya rinjaye shi. Idan karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, lamarin ya tsananta ke nan. A kira agaji, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya da ciki kafin gaɓoɓi, a motsa shi a hankali, kuma kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe wani abin sha. Daskarewar fata kuwa ta fi kama yatsu da hanci da kunnuwa: wurin yakan mutu da ji, ya yi tauri, launinsa ya sauya. Ba a murza shi, ba a kanga shi a wuta, domin fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce digiri 39 ba, a nemi likita. Idan akwai yiwuwar wurin ya sake daskarewa kafin a isa mafaka, gara a bar shi har a isa, saboda narkewa da sake daskarewa sun fi yin ɓarna.

Game da tuƙi, shawarata ita ce a fasa tafiyar, kuma ina faɗin haka da sanin cewa akwai masu aikin da ba sa iya fasawa. A kan ƙanƙara, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya tana iya ninka ta busasshiyar hanya sau goma, kuma mota mai jan ƙafa huɗu ta fi sauran iya tashi ne kawai, wajen tsayawa ba ta fi su da komai ba. Gadoji su ne ke fara daskarewa, domin iska mai sanyi na ratsa su ta sama da ta ƙasa. Akwai kuma siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta ba a ganinta, sai dai hanyar ta yi kamar ta jiƙe. Gishirin da ake watsawa a hanya ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, don haka ganin an watsa shi ba hujja ba ce ta sakin jiki. Wanda dole ta sa shi fita ya share gilasai da fitilu da saman motar gaba ɗaya, ya yi komai sannu a hankali, daga taka totur zuwa taka birki da juya sitiyari, kuma in bayan motar ya fara zamewa ya ɗaga ƙafa daga totur, ya juya sitiyari zuwa inda yake son motar ta nufa. Ya sa bargo da ruwa da ƙaramin shebur a mota, ya kuma gaya wa wani hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa.

Idan mota ta maƙale, a zauna a cikinta, sai fa in ana ganin gini a kusa ƙwarai. A guguwar da ta rufe birnin Buffalo na jihar New York a watan Disambar 2022, mutum sama da 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a waje cikin dusar da iska ke kaɗawa har mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. A tayar da injin kamar minti 10 a kowace awa don samun ɗumi, a ɗan sassauta gilashi ɗaya, kuma kafin kowace tayarwa a fita a duba bakin salansa, domin in dusa ta toshe shi hayaƙin zai dawo cikin mota. A ɗaura ƙyalle mai haske inda masu ceto za su hango, a riƙa motsa hannuwa da ƙafafu, in kuma mutum biyu ne su yi barci bi da bi.

Wayewar sama ba ta nufin haɗari ya wuce, kuma raunuka da yawa bayan guguwa ake samunsu. Mai tafiya a ƙasa ya yi gajerun taku, ya fitar da hannuwansa daga aljihu, ya riƙa sauke tafin ƙafarsa gaba ɗaya, ya kuma riƙa ɗaga kai, saboda rassa da gundumen ƙanƙara suna faɗowa daga bishiyoyi da rufin gine-gine idan narkewa ta fara. Duk wayar lantarkin da ta faɗo a ɗauke ta a matsayin mai wuta, a nisance ta da aƙalla mita 10, kada a taɓa reshe ko shingen da ta hau, a sanar da kamfanin wuta. Kwashe dusa da shebur aiki ne mai wahalar da zuciya, domin sanyi na matse hanyoyin jini a daidai lokacin da jiki ke ɗaga nauyi, kuma jiƙaƙƙiyar dusa tana da nauyin da ido ba ya nunawa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da wanda shekaru suka ja, su bar wa wani. Mai yi kuma ya tura dusar maimakon ɗaga ta, ya huta a kai a kai, ya ajiye shebur da zarar ya ji nauyi a ƙirji ko numfashinsa ya yi sama. Abincin da ke cikin firji yakan yi kamar awa 4 lafiya in ba a buɗe ƙofar ba, cikakkiyar firiza kuma har awa 48, bayan haka abin da ke saurin lalacewa a zubar da shi.

Da zarar an iya taka ƙafa a waje, a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin da ke zaune shi kaɗai, musamman tsoho. Kiran waya bai isa ba, domin wanda sanyi ya fara rikita wa tunani zai iya amsawa da cewa lafiyarsa lau. A shiga a ji sanyin ɗakin da jikin kai, a taɓa hannunsa, a duba da me yake ɗumama wurin, in kuma ɗakin ya yi sanyin da ba za a iya kwana a ciki ba, a tafi da shi gida ko cibiyar ɗumama jama'a da hukuma ta buɗe kafin dare ya yi.