Yadda zaka zaɓi sifika mai tsada in jinka ya fara raguwa

Da farko kaje wajen likitan kunne a gwada jinka, a baka takardar gwajin, wadda ke nuna yadda kake jin sauti daga mai kauri zuwa siriri, wato daga 250 zuwa 8000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Yawanci siririn sauti ne ke fara ɓacewa, shi yasa zakaji ana magana amma "s" da "f" sun dushe, kamar mai maganar yana bayan ƙofa.

Na biyu, don Allah kar ka saya baka saurara ba. Ka tafi da waƙar da ka haddace tun da, in kana sa na'urar taimakon ji ka sa ta, in tana da saitin kiɗa ka kunna, ka zauna daidai nisan da kake zama a falonka, ka lumshe ido ka bi muryar mawaƙin kalma-kalma. Ni dai murya nake bi, bugun nan mai girgiza ƙirji baya gabana yanzu.

Sannan ka haɗa sifikar da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai barin ka ɗaga siririn sauti ka kuma daidaita dama da hagu, tunda sau da yawa kunne ɗaya yafi ɗaya ji. In don fim ne, ka zuba kuɗinka a sifikar tsakiya, ta nan hira ke fitowa.

Kar ka ƙure ƙara, sama da desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awanni yana cinye sauran jin.